Ɗan firistayil ba korarren ɗan ƙwallo ba ne

Tun daren nan na watan Oktoban 2022 da Antony ya yi juyi biyu da ƙwallo a ƙafarsa a wasan Manchester United da Sheriff, ya kuma buga ta ta fita waje, masu sharhin tamaula suka samu sabon zagi. Duk ɗan wasan da ya yi yanka bai ci ba, ko ya tsaya ado da ƙwallo har aka ƙwace, sai ka ji an ce ai wannan ɗan firistayil ne, ya koma bakin titi. Firistayil kuwa shi ne wasan nuna gwanintar sarrafa ƙwallo da sassan jiki, mutum shi kaɗai, ba raga ba ƙungiya. Har yau ba a daina wannan zagi ba, kuma abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Wanda ya taɓa kallon gasar firistayil ta gaskiya ya san juyin Antony ko matakin share fage ba zai kai mutum ba.

Masu wannan magana sun ɗauka ɗan firistayil shi ne wanda ƙwallo ta ƙi, sai ya koma wasa da ita. Hujjarsu kullum Séan Garnier ce. Gaskiya ne, Bafaranshen nan da aka haifa a 1984 ya taso a makarantun horar da matasa na Auxerre da Troyes, kuma rauni ne ya raba shi da burin zama ƙwararren ɗan wasa. To amma me ya biyo baya? Ya koma titunan Paris ya fara koyon wata sana'a daga tushe, har a 2008 ya doke Yosuke Yokota na Japan a São Paulo, ya zama zakaran farko na gasar firistayil ta duniya mai suna Red Bull Street Style. Da abin da aka koya masa a Auxerre ya isa, da duk yaron da wata ƙungiya ta sallama ya zama zakaran duniya. Dubban yara ake sallama kowace shekara, Garnier kuwa ɗaya ne.

Sannan su yi mana bayanin Lia Lewis 'yar Birtaniya, wadda daga rawa ta fito, ba daga filin ƙwallo ba, ta kuma ɗauki kambun duniya a 2021. Wace ƙungiya ce ta kore ta?

A duba yadda ake fafatawar. Mutum biyu ne a fage, ƙwallo ɗaya, minti uku. Kowa yana da daƙiƙa 30 ya nuna abin da ya iya kafin ya miƙa wa abokin karawarsa, sau uku-uku. A cikin wannan ɗan lokaci alƙalai suna auna wahalar salon, da tsabtar aiwatarwa, da ko naka ne ko kwafo ka yi, da kuma ko ka iya kowane fanni: na ƙafa a tsaye, na zaune a ƙasa, na kai da wuya da kafaɗa. Salon da mutum ya shafe wata shida yana maimaitawa shi kaɗai, idan ƙwallo ta kuɓuce masa sau ɗaya, shi ke nan. Ɗan wasan gaba zai iya ɓarar da dama biyar ya ci ta shida, a ɗauke shi a kafaɗa. Ɗan firistayil ba shi da mai tsaron baya da zai rufa masa asiri, ba shi da minti 90 na gyara kuskure. Gwiwa da ƙugu da idon sawu kuwa suna shan wahalar da mai kallon bidiyo ba ya gani, domin zagaya ƙwallo da ƙafa sau biyu ko uku kafin ta sauko aiki ne na tsoka da numfashi.

Wasu za su ce ai ba a cin ƙwallo a raga, saboda haka ba wasa ba ne. Masu alkafura a gasar Olamfik ma ba su da raga, alƙalai ne ke ba su maki, ba kuma wanda ya ce su mayar da lambobinsu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda wannan raini ke shafar abincin mutane. Ɗan firistayil ba shi da ƙungiyar da za ta biya shi albashi duk mako, ba kwantiragin shekara biyar, ba likitan da zai duba shi in ya ji ciwo. Tallar kamfanoni ce, da nishaɗantar da 'yan kallo lokacin hutun rabin lokaci, da bidiyon Instagram da TikTok. Shi ya sa da yawa suka san Garnier da zura wa mutane ƙwallo ta tsakanin ƙafafu a titi, ba su san shi da kambun São Paulo ba. Iya Traoré, haifaffen Gini, ya shafe shekaru yana hawa turken fitila a gaban cocin Sacré-Cœur da ke Paris da ƙwallo a kan 'yar sandar da ya riƙe da baki, 'yan yawon buɗe ido suna ɗaukar hoto. Gwani irin wannan a ce abincinsa yana hannun masu wucewa! Kasuwa ta tura su inda ake tafi da dariya, sai kuma a juyo a ce ga shi nan, dama 'yan wasan kwaikwayo ne. An daki mutum an hana shi kuka.

Akwai hukumar wasan ta duniya, WFFA, akwai gasar Super Ball da ake yi a Jamhuriyar Cek, inda gwanaye irin su Erlend Fagerli na Norway suka yi suna. Abin da ya rage shi ne hukumomin wasanni na ƙasashe su amince da shi a matsayin wasa mai cin gashin kansa, su sa kuɗi a gasanninsa, tashoshin da ke sayen wasannin lig da biliyoyi su ware masa ko da awa ɗaya. An buɗe wa rawar birekin ƙofa a Olamfik ɗin Paris na 2024, a birnin da Garnier da Traoré suka yi shekaru suna wasa a titi, amma ba a gayyaci ko ɗayansu fage ba.