Maggie Smith ta fi Harry Potter faɗi

Wani labari ya taƙaita rayuwar 'yar wasan Ingila Maggie Smith a kan fina-finan Harry Potter da shirin talabijin na Downton Abbey, alhali nan ƙarshen tafiyar ce. Dandamali ne ya gina ta. A 1952 ta fara wasa a Oxford Playhouse tana 'yar shekara 17, a 1964 kuma ta fito a matsayin Desdemona a wasan Othello na Shakespeare tare da fitaccen ɗan wasa Laurence Olivier.

Wasan dandamali a Ingila aiki ne ja: sau takwas a mako, babu "a sake ɗauka", kuma dole murya ta isa kujerar ƙarshe. Daga ciki ake turo numfashi. Wanda ya dogara da maƙogwaro, kafin mako ya ƙare muryarsa ta dushe. A gaban kyamara kuwa akasin haka ake so, domin motsin da ya dace da babban zaure yakan zama wuce gona da iri idan an matso da hoto. A nan 'yan dandamali da yawa suke tuntuɓe. Ita da ɗaga gira kaɗai take gama magana, har ta ci Oscar, babbar kyautar fim ta Amurka, sau biyu.

A 2019, tana da shekara 84, ita kaɗai ta riƙe wasan A German Life a Landan, fiye da awa ɗaya da rabi, duk a haddace.