Muna da sarki biyu a Kano, amma famfonmu ko ɗigo

Don Allah a bar ni in amayar da abin da ke cikina, domin tura ta kai bango. Kunna rediyo da daddare a garin nan ka saurari abin da sojojin baka suke ta ɓaɓatu a kai. Wane ne sarki na gaskiya, wa ya tuɓe jar hula, wa ya ɗora, wa zai sauya sheƙa kafin 2027, uban gidan wa ya fi na wa. Sai su kwashe awa guda suna yi wa juna wankin babban bargo, kuma da wuya ka ji wanda ya tsaya ya tambayi dalilin da ya sa famfunan gidajenmu suka bushe. Abin haushin ma, su kansu masu ihun, in sun koma gida jiran ɗan ga-ruwa suke yi kamar kowa.

A layinmu akwai yaran da sun isa shiga sakandare amma ba su taɓa ganin ruwan gwamnati ya zubo daga famfon tsakar gidansu ba. Kan famfon ya yi tsatsa, wasu sun cire shi sun toshe bututun da itace, wasu kuma igiyar shanya suke ɗaurawa a jiki. Kuma ba a wani lungu na bayan gari nake ba. Ka tambayi mutanen Dala, Gwale, Fagge, Kurna, Rimin Kebe, Tudun Murtala, Ɗorayi ko Sheka, in akwai wanda zai ce maka ruwan famfo yana zo masa kullum, to ka riƙe shi da kyau, ɗan gata ne.

Ga lissafi, kuma kowane mai gida zai iya yin sa da kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum ɗaya yana buƙatar lita 50 zuwa 100 a rana don sha da girki da wanka da wanki. Mu ɗauki na ƙasa, lita 50, wato jarka biyu irin ta 'yan ga-ruwa. Gidan da ke da mutum goma, kuma wannan ba wani babban gida ba ne a Kano, jarka 20 ke nan a rana. A unguwarmu jarka naira 100 ce in an yi sa'a, in zafi ya yi zafi ko azumi ya kama sai yadda mai kura ya ga dama. Naira 2,000 a rana, naira 60,000 a wata. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Kano ta amince da shi a 2024 naira 71,000 ne. To a ce masinja ko leburan ma'aikata zai sayi ruwan da ya kamata iyalinsa su samu, da naira 11,000 zai ciyar da su, ya biya haya, ya hau adaidaita? Ba ya saye. Abin da yake yi shi ne ragewa. A rage wanka, a rage wanki, ruwan ɗaurayar kwanuka a kai shi banɗaki, na alwala a tara a zuba wa akuya.

Akwai wata dattijuwa maƙwabciyarmu da ke riƙon jikoki marayu. Rannan na same ta a zaure ita da ɗan ga-ruwa, ta kwance bakin zani tana ƙirga 'yan canji.

"Haba ɗan nan, jiya ba haka ka sayar mini ba."

"Wallahi Baba ba laifina ba ne. Mai burtsatse ne ya ƙara, ya ce babu wuta, da janareta ya tayar. Tun asuba nake layi, wannan ce kurata ta farko."

Jarka biyu ta karɓa maimakon huɗu, ta juya ta ce wa babbar jikar: "Yau ba wanki, ku maimaita kayan makarantar." Ban ga laifin yaron ba. Na dubi ƙafarsa duk faso, silifa ɗaya an ɗaure da waya, ya turo jarkoki fiye da goma daga wata unguwar a cikin wannan ranar. An bar jaki ana dukan taiki in aka zage shi. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin tayar da kowace burtsatse ya ninka, kuma a kan Baba da ire-irenta ake fanshewa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Kano ba jihar da ta rasa ruwa ba ce. Tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, En'e, wato hukumar gargajiya ta lokacin, ta kafa gidan ruwa a Challawa ta jawo famfo cikin birni. Audu Baƙo, wanda ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975, ya cika ta da madatsun ruwa, har da Tiga da aka gama a 1974, ɗaya daga cikin manya a Najeriya. Ga Bagauda, ga Watari, ga madatsar Challawa ta Ƙaraye da ta zo daga baya. A zamanin Malam Ibrahim Shekarau an gina sabuwar matatar Tamburawa, wadda aka tsara ta tace lita miliyan 150 a rana, aka kuma yi ta Watari. Tamburawa kaɗai, in tana aiki yadda aka tsara ta, a lissafin lita 50 ɗin nan ruwan mutum miliyan uku ne. Ga tanki a kan Goron Dutse yana kallon gari. To ina ruwan yake tafiya?

Amsar ba ta da wani sirri, duk wanda ya taɓa zama da ma'aikacin ruwa ya ji ta. Injinan da ke zuƙo ruwa daga kogi su tura shi gari da lantarki suke aiki, lantarkin kuwa kowa ya san halinsa, dizal kuma ya fi ƙarfin kasafin da ake ba su. Ana buƙatar alam da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta kullum, ba sai ranar da baƙo zai zo ba. Inji in ya lalace sai ya shekara yana jiran takarda ta fito daga ofis. Masu haƙar yashi sun rarake kogi har ruwa yana kauce wa bakin bututun da ke zuƙarsa. Bututan cikin gari kuwa da yawansu sun girmi masu mulkin, sun ruɓe, suna tsiyaya a cikin kwata. Inda duk aka yi sabon titi ko gada sai katafila ta tsinke bututu, a zuba kwalta a kai, a yanka zare, a yi tafi, unguwa guda ta yi sallama da famfo har abada. Sannan garin ya ninka kansa. Ƙidayar 2006 ta ba jihar mutum miliyan 9.4, mafi yawa a ƙasar, kuma tun daga lokacin unguwanni nawa aka yanka a Ungogo da Kumbotso ba tare da an shimfiɗa musu ko taku ɗaya na bututu ba?

Duk wannan aiki ne na ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa ba mai son sa. Bututu ba a liƙa masa hoton gwamna. Gada kuwa daga nesa ake hango ta. Kwankwaso ya yi ta Ƙofar Nassarawa, Ganduje ya yi ta Dangi da ta Hotoro, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya kama ta Tal'udu da ta Ɗan Agundi. Ban ce gada ba ta da amfani ba, ni ma ina hawa. Amma mutumin da ya tsallake gadar biliyoyin naira ya isa gida ya tarar babu ruwan da zai yi tsarki, me aka yi masa?

Kada wani ya ce mini gwamnati ba ta da sauri. Tana da shi, in abin ya dame ta. A watan Mayun 2019 cikin 'yan kwanaki majalisar jiha ta yi dokar da ta ƙirƙiro masarautun Bichi, Rano, Gaya da Ƙaraye. Ranar 9 ga Maris 2020 aka tuɓe Sarki Muhammadu Sanusi II, kafin rana ta faɗi an naɗa Aminu Ado Bayero. Ranar 23 ga Mayu 2024 wata majalisar ta soke dokar, gwamna ya sa hannu a ranar, aka dawo da Sanusi. Sanusi ya zauna a Gidan Rumfa, Aminu a gidan Nassarawa, lauyoyi suka yi ta safa da marwa tsakanin kotun jiha da ta tarayya, har hawan Sallah aka hana mu. Haka rusau. Kwanaki kaɗan da rantsar da gwamnati a 2023, cikin dare katafila ta hau gine-ginen tsohon otal ɗin Daula, da shagunan Filin Idi, da shataletalen gidan gwamnati. Kotu ta ce a biya 'yan kasuwar Filin Idi diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Gwamnati ɗaya ta sayar da fili, wata ta rushe, aka biya diyya da kuɗinmu. Injin tura ruwa nawa biliyan 3 za ta saya? Bututun unguwa nawa za ta canja?

Ni ban damu da wanda ya yi daidai a rigimar sarauta ba, kowa da nasa gwanin, kuma na gaji da yadda magana ɗaya take raba wa da ƙani a majalisar unguwa. Abin da nake cewa shi ne majalisar da za ta iya canja sarki a zama ɗaya, za ta iya kiran kwamishinan ruwa ta tsare shi a gaban 'yan jarida ya faɗi lita nawa Tamburawa ta tace a makon jiya. Yaushe muka ga an yi wannan da zafin da ake yin wancan?

Da ka buɗe baki kuma sai a liƙa maka jam'iyya. A farkon mulkin Abba, in ka ce babu ruwa, 'yan Kwankwasiyya su ce Gandujiyya ce ta turo ka, shekara takwas me suka yi? In ka ce shekara takwas ɗin ma ba mu sha ba, 'yan Gandujiyya su ce ai jar hula ce a aljihunka. Daga 1999 zuwa yau Kwankwaso ya yi takwas, Shekarau ya yi takwas, Ganduje ya yi takwas, ga Abba yana kai. Babu gidan siyasar da bai riƙe makullin gidan ruwa ba. Kowanne ya zo sai ya kai ziyarar ba-zata matata, ya nuna ɓacin rai a gaban kyamara, ya ce an gaji lalatattun injina, ya yi alkawarin wata kaza. Mun gaji da gafara sa, ba mu ga ƙaho ba.

Maganin da suka samo mana shi ne burtsatse. Kowane ɗan majalisa, kowane kansila, kowane mai neman kujera sai ya haƙa ɗaya ya kafa allo. A bakin masallacinmu akwai wadda wani ɗan takara ya yi gab da zaɓe, da tanki da fenti da hotonsa yana murmushi. Ba ta kai damina biyu ba injin ya ƙone. Muka yi karo-karo muka gyara, ya sake ƙonewa, muka aika masa, yaransa suka ce "Oga yana Abuja." Allon dai yana nan. Kuma wanda duk ya san ƙasar Kano ya san yawancin birnin a kan dutse yake zaune, ruwan ƙarƙashinsa ba shi da yawa. Mai kuɗi ya zurfafa tasa, rijiyar maƙwabcinsa talaka ta ƙafe. Ga gidajenmu a cushe, shadda a nan, rijiya a nan, taku kaɗan tsakani. Wa yake gwada ruwan da ake zuba mana a jarka? Jarkar ma yaushe rabon da a wanke cikinta? Sai damina ta faɗi a fara kwasar yara zuwa asibiti da amai da gudawa, taifot kuwa ta zama abokiyar zama, kuɗin da ba a kashe a ruwa ba sai a kai shi kemis.

A watan Yunin 2024 gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, kuma na yaba. Amma a zo bakin burtsatse da ƙarfe takwas na safe a ga su wa ke layi. 'Yan mata ne da bokiti, wasu da kayan makaranta a jikinsu, an riga an kaɗa ƙararrawa. Makarantar da za su je ɗin ma babu ruwa a banɗakinta. Yarinyar da ta fara girma, wace uwa ce za ta tura ta ta wuni a inda ba za ta sami ruwan kama ruwa ba?

Kuma ba a isa a ce babu kuɗi ba. Tun bayan cire tallafin mai kason da jihohi ke karɓa daga Abuja ya ƙaru sosai, kowa ya sani, gwamnonin ma ba sa musu. Kotun Ƙoli ta yanke a watan Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Muna da 44, takwas daga ciki a ƙwaryar birni suke. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar shirya harkar wutarsu. Rana kuwa Allah Ya hore mana har ta yi yawa, masu gidan burodi da masu kemis ma sun koma sola, balle matatar da miliyoyin mutane suka dogara da ita.

Saboda haka ga abin da nake nema, ba alfarma ba ce. A riƙa faɗa mana a rediyo duk wata lita nawa Challawa da Tamburawa da Watari suka tura gari, inji nawa ke aiki, nawa suka mutu. A fitar da jadawali, unguwa kaza ranar kaza, ko sau biyu ne a mako, mu san ranar da za mu tara. Duk ɗan kwangilar da ya fasa bututu kada a biya shi sai ya mayar. A sa mita, mu biya, wallahi ko nawa ne ba zai kai abin da muke ba masu kura ba. Masu zuwa neman ƙuri'a a 2027 kuma, na kowace hula, ku riƙe atamfarku da taliyarku. In kun shigo layinmu zan kama hannun ɗan takara in kai shi tsakar gida ya murɗa famfo da kansa, sannan mu yi maganar ƙuri'a.