Ba dole ba ne mawaƙi ya faɗi wanda yake nufi

Da wuya yanzu matashin mawaƙi ya saki waƙar soyayya ko ta ɓacin rai a kwana biyu ba a tsare shi da tambayar nan ba: wa kake nufi? Mai hira da shi a rediyo zai yi ta kewaye-kewaye har ya iso wurin. Masu bibiyarsa a TikTok da Instagram kuwa ba sa ma jiran amsa. Su tono tsofaffin hotuna, su duba wa ya daina bin wa, su haɗa wannan da wancan, kafin gari ya waye sun yanke hukunci. A ganina babu mai bin mawaƙi bashin wannan amsa, kuma in ya saba bayar da ita, waƙoƙinsa ne za su kwana a ciki.

A watan Janairun 2021 wata yarinya 'yar Amurka mai shekara 17, Olivia Rodrigo, ta fitar da waƙa kan rabuwa da saurayi. Waƙar ta hau saman jadawalin Billboard, mai jera waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, tun makon farko, ta yi mako 8 a can. Sai dai surutun da ya biyo baya bai tsaya kan muryarta ko iya tsara baitinta ba. Jama'a suka dira kan wani saurayi da wata budurwa da suka ce da su ake, aka yi ta yi musu ruwan zagi a intanet, alhali mai waƙar ba ta kama sunan kowa ba. Ni ma ba zan kama ba.

Ba ina cewa waƙa daga sama take faɗowa ba. Matashi mai shekara 17 ko 20 me yake da shi da zai waƙe in ban da abin da ya same shi? Soyayyar farko, saɓani da iyaye, abokin da ya juya baya, rashin wani na jiki, tsoron gobe. Mawaƙiya Adele ta Ingila ma shekarunta ta riƙa sa wa kundayen waƙoƙinta suna: 19 a 2008, 21 a 2011, sai 25 da 30 daga baya. Kowa ya san mutuwar wata soyayya ce ta haifi kundin 21, ita da bakinta ta faɗa. Sunan mutumin ne dai ta riƙe a cikinta, kuma hakan bai hana miliyoyin mutane kuka da waƙoƙin ba.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai rubuta waƙa ya san yadda abin ke tafiya. Karin sautin zai zo masa da tsakar dare, ya jawo waya ya yi ta gunguni a cikinta don kada ya gudu kafin safe. Washegari ya zauna cusa kalmomi. Abin ya faru ne ranar Laraba, amma Laraba ba ta zauna a ƙarshen layi ba, sai ya mayar da ita Asabar don amsa-amo ya daidaita. Maganar da aka faɗa masa a waya sai ya ce a bakin ƙofa aka faɗa, don ta fi tsuma zuciya. Baiti na ɗaya na wata budurwa ne, na biyu na wata daban, amshin kuma wata kalma ce da ya tsinta a bakin wani baƙo cikin mota. In akwai mai haɗa kiɗa a situdiyo, shi ma ya ce layin nan ya yi tsawo, a datse. Kafin waƙar ta kai kunnen mai sauraro, labarin asali ya sha yanka da ɗinki har mai shi ma da ƙyar zai gane shi. Zafin da ya ji ne kawai bai canza ba. To, mai bin baiti ɗaya bayan ɗaya yana neman hujja kamar ɗan sanda, me yake sa ran samu?

Sannan akwai rabon mai sauraro, wanda bayani kan cinye. Paul McCartney, mawaƙin Ingila, ya rasa mahaifiyarsa, Mary, a 1956 yana ɗan shekara 14. Shekaru bayan haka ya yi mafarkinta tana kwantar masa da hankali, mafarkin ya zama waƙar Let It Be da ƙungiyar mawaƙansu ta Beatles ta fitar a 1970. Mutane da yawa da suka ji sunan Mary a ciki sun ɗauka Maryam uwar Annabi Isa ake nufi, suka mayar da waƙar ta neman sauƙi a lokacin ƙunci. Sun yi kuskure ke nan? A wajen tarihi, e. A wajen amfanin waƙa, ko kaɗan. Da tun ranar farko an liƙa mata takardar bayani, da ta zama labarin wani maraya guda ɗaya, mu tausaya masa mu wuce.

Za a ce ai waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma in mai ita ya yi shiru wasu za su juya masa ma'ana. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Mawaƙin Ingila Sting ya rubuta waƙar Every Breath You Take, wadda ta fito a 1983, bayan ya rabu da matarsa ta farko, kuma ya sha faɗin cewa waƙa ce ta kishi da sa ido da son mallake mutum. Duk da haka ango da amarya na ta rangaji da ita a wuraren biki. A irin wannan hali yana da kyau mawaƙi ya buɗe baki ya ce jama'a, ku sake saurare. Amma a lura da abin da ya bayyana: jigon waƙar ne da halin da zuciyarsa ke ciki. Irin wannan bayani yana ƙara wa mai sauraro ido. Wanda nake ƙi shi ne mai nuna yatsa, mai mayar da waƙa gulma da kiɗa.

Babban abin da ke damuna shi ne wanda aka yi waƙar a kansa. Mawaƙi na da makirufo da dubban masoya masu jiran ya ce kule su ce cas. Tsohuwar budurwarsa, ko mahaifin da ya yi wa tsawa yana yaro, ba su da komai. Shi ya zaɓi abin da zai faɗa da abin da zai binne, cikin minti uku, kan kiɗa mai daɗi. In ya tsaya a habaici, wanda ya tsargu ya tsargu a ɗakinsa, ba wanda ya sani. Da zarar ya kama suna, ya gurfanar da mutum gaban kotun da ba ta sauraren wanda ake ƙara.

Masu tallata waƙa sun san gulma na sayar da kaya, shi ya sa sukan tura matashi ya ɗauki ɗan bidiyo yana ba da “labarin da ke bayan waƙar” tun kafin waƙar ta fito. Amma ko ta fuskar kasuwa, shiru ya fi daɗewa yana ci. Mawaƙiyar Amurka Carly Simon ta fitar da waƙar habaici You're So Vain a 1972, aka shafe shekara fiye da 40 ana cacar baki kan wanda take zagi. A 2003 har gwanjon sirrin aka yi don tara kuɗin agaji, wani ya biya dala 50,000 aka raɗa masa sunan bisa sharaɗin ba zai faɗa ba. Sai a 2015 ta amsa cewa baiti guda na ɗan fim Warren Beatty ne, sauran kuma na wasu. Ita ma dai ta iya wasa da hankalin jama'a, ba na wanke ta.

Matashin da ya saba sayar da labarin rayuwarsa haɗe da kowace waƙa yana haƙa wa kansa rami. Ranar da ya samu kwanciyar hankali, ya rubuta waƙa kan abin da ya gani a rayuwar maƙwabci ko abin da ya ƙago da ka, masoyansa za su ce ya daina faɗin gaskiya. Wasu ma sai su yi ta fatan a sake yaudararsa don su samu sabon kundi. Ɗan shekara 19 da ya ɗora sana'arsa a kan haka, da me zai yi waƙa yana da shekara 35, da mata da 'ya'ya waɗanda ba su yarda a sa su a baiti ba?