Ga ƙannena masu rantsuwa da asuba, su warware da magariba

Samarin Garwa ta Kamaru, musamman ku da ke wuni a kan mashin tsakanin babbar kasuwa da Yelwa, da ku 'yan gareji, da wasunku nake magana yau. Akwai wanda ya sha ɗaukar alƙawarin barin giya. Da asuba nadamarsa ta gaske ce, har da hawaye, amma kafin isha'i sai ka ga ledar wiski a bakinsa yana yage ta da haƙori. Jama'a sun gama yanke masa hukunci, wai zuciyarsa ta mutu. Ban yarda haka abin yake ga kowa ba. Wasu cikin waɗannan matasa suna fama da lalurar da likitoci ke kira ADHD, wato matsalar kasa tattara hankali da kasa zama wuri guda, su da iyayensu ba wanda ya sani.

Kun san irin yaron. A makarantar allo bai iya zama wuri guda, yau ya ɓatar da takalmi, gobe a aike shi sayen gishiri ya dawo hannu wofi domin ya tsaya kallon ƙwallo. An sha yi masa bulala ana cewa ƙiriniya ce. Alamomin sukan bayyana kafin shekara 12, kuma kimanin yara 5 cikin 100 ke da ita, ga manya kuwa 2 zuwa 3 cikin 100. Galibi gado ce. Ba aikin aljanu ba ne, ba kuma sakacin uwa ba. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke taka wa mutum birki kafin ya aikata abu, shi ne ba ya kamawa da wuri, kuma sinadarin dofamin da ke sa mutum jin gamsuwa ba ya tafiya daidai. Shi ya sa zaman shiru ke zame masa azaba.

Nan giya ke samun ƙofa. Dare ya yi, jiki ya gaji, kai kuwa ya ƙi yin shiru, tunani goma a lokaci guda. Kurɓar farko sai ta kwantar da hayaniyar, mutum ya ɗauka ya samu magani. Alhali wannan birkin mai rauni shi giya ke fara kashewa, don haka wanda ya ce ƙwarya ɗaya ta bilbil, wato burkutu, zai sha sai ya tashi da biyar. Barcin da take kawowa ma na ƙarya ne, yakan katse cikin dare, gari ya waye hankali ya fi jiya warwatsewa. Wani nazari na 2012 da ya tattara bincike da dama ya gano cewa kusan mutum 1 cikin 4 na masu matsalar shaye-shaye suna da ADHD.

Kada wani ya ji wannan ya ce ya samu uzuri. Haramcin giya na nan a Suratul Ma'ida, hantarka ma ba ta san uzuri ba. Abin da nake so ka gane, ƙanena, shi ne rantsuwa kaɗai ba za ta riƙe ka ba, domin ba niyya ka rasa ba, 'yan mintocin nan na yamma ne ke kayar da kai. To ka yanke shawarar tun da rana, lokacin da kanka ke daidai. Da la'asar ka ware kuɗin mai mashin, sauran ka damƙa wa Inna ko matarka, kada magariba ta same ka da canji a aljihu. Hanyar da ke bi ta ƙofar mashaya, bar ta ko da zagayen zai ci maka mai. Kuma kada ka bar yammacin fanko, domin mai irin kanka ba ya jure zaman banza: ƙwallo, gudu, ɗinki, karatu a majalisin malam, duk wanda zai gajiyar da kai. In sha'awar ta taso, kira mutum ɗaya da kuka yi yarjejeniya da shi, ku yi ta hira. Takan lafa in an ja mata lokaci.

Wanda ya daɗe yana sha kullum, har hannunsa ke rawa da safe sai ya kurɓa, kada ya yanke rana ɗaya shi kaɗai a ɗaki. Yana iya jawo farfaɗiya da ruɗewa cikin kwana biyu zuwa uku, har ta kai ga rasa rai. Ya je asibiti. Haɗa giya da tiramol kuwa na iya tsayar da numfashi. Ita ADHD ɗin ma likitan ƙwaƙwalwa ne ke tabbatar da ita, ba bidiyon TikTok ba, kuma tana da magani. Ka faɗa masa gaskiyar yawan abin da kake sha da yadda yarintarka ta kasance.

Ku kuma abokan majalisa da ke yi masa dariya duk ranar da ya koma ruwa, ku ji tsoron Allah. Ya inganta cewa an sha kawo wa Annabi (SAW) wani mutum saboda shan giya, da wani ya la'ance shi sai ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. In ɗan'uwanku ya faɗi ranar Talata, ku je ku ɗauko shi filin ƙwallo ranar Laraba, kada ku jira sai ya nemo ku, domin kunya ba za ta bar shi ba.