Ƙarfen da ke riƙe waya a ramukan Makka ba wurin tsimi ba ne

Duk alhajin da ya bi ta ramukan da aka fasa cikin duwatsun Makka zuwa Mina, lafiyarsa na rataye ne da wasu ƙarafa da ba ya ko ɗaga kai ya kalla. Ina nufin tirorin ƙarfen da ke jere a saman bango, ɗauke da wayoyin da ke kai wuta ga fitilu da manyan fankoki da lasifikoki. A duk aikin gada ko rami, nan ne bai kamata a tsuke hannu ba, kuma nan ne ƙaramin ɗan kwangila ya fi sha'awar tsukewa, don ya san ranar buɗe aiki babu babban baƙon da zai hau tsani ya duba noti.

Ranar 2 ga Yulin 1990 mahajjata 1,426 suka rasu a turmutsitsin ramin Mu'aisim da ke kusa da Mina, kuma tsayawar na'urorin shigar da iska na cikin abubuwan da suka tsananta lamarin. Rami ba shi da taga. Da zarar wuta ta ɗauke, duhu da zafi da firgici tare suke sauka a kan jama'a.

Sayen waya mai jure gobara bai isa ba idan da roba aka ɗaure ta. Robar za ta narke, wayar ta zubo ta tare hanya. A 2010 'yan kwana-kwana biyu sun mutu a wani dogon bene a Southampton ta Ingila, inda wayoyi suka zubo suka sarƙe su, daga baya ƙasar ta wajabta riƙe waya da abin da wuta ba za ta narkar da wuri ba. A Jamus kuwa tare ake gwada waya da ƙarfen da ke ɗauke da ita, a ga ko za su yi minti 90 cikin wuta suna aiki. Ga kuma gishiri. Gadar Sarki Fahad da ta haɗa Saudiyya da Bahrain, mai tsawon kilomita 25, tana shan iskar teku tun 1986. A irin wannan wuri, leburan da ya yanke tire da injin yanka bai shafe bakin yankan da maganin tsatsa ba, ya riga ya buɗe ƙofar lalacewa, ko da ba za a gani ba sai bayan shekaru.

Wasu kan ce Saudiyya ƙasar hamada ce, ina ruwanta da aradu. Mazauna Makka sun san amsar, don sun sha ganin walƙiya na sauka kan hasumiyar agogo mai tsayin mita 601. A Janairun 2005 aradu ta kunna wuta a ɗaya daga igiyoyin ƙarfen gadar Rio-Antirrio ta Girka har ta tsinke, aka rufe gadar. Aradu ɗaya kan ɗauki kimanin amfiya 30,000 a ma'aunin wutar lantarki, kuma dole a ba ta hanyar shiga ƙasa. To ƙasar Makka dutse ce busasshiya, ba ta shan wuta da sauƙi. Tsohuwar dabarar haƙa rami a zuba gawayi da gishiri a soka sandar tagulla ba ta manyan ayyuka ba ce, gishirin ma shi zai cinye sandar. Ana haɗa wayar ƙasa, wato wadda ke kai wutar aradu cikin ƙasa, da rodin harsashin ginin ne, a haɗe kowane tire da na kusa da shi, a sa na'urorin tare ambaliyar wuta a bakin rami, domin aradu ba sai ta faɗa kan rami ba, ta waya take shiga ta ƙone kwamfutocin da ke juya fankoki.

Akwai 'yan'uwanmu Hausawa masu aikin wuta a Makka da Jidda, wasunsu a Saudiyya aka haife su. Ina roƙonsu kada su binne wayar ƙasa sai an auna ta a gabansu. Sai dai na san mai aiki ƙarƙashin kafili ba kullum yake iya buɗe baki ba, shi ya sa nauyin ya fi hawa kan injiniyoyin da ke sa hannu. Kada su karɓi rami ko gada sai da takardar awo ta kowace wayar ƙasa, kuma a sake awon kafin kowane aikin Hajji, domin sakamakon da aka samu bayan ruwan sama ba shi za a samu ba idan ƙasa ta bushe.