Yaushe ake daina gwaji a saki manhaja?

Jiya wani ƙanena da ya fara koyon haɗa manhaja yake tambayata, wai Yaya yaushe mutum zai daina gwaji ya saki abinsa? Na ce masa in dai jira kake sai ranar da babu kuskure ko ɗaya to wallahi ba ranar saki, shi gwaji kuskuren da ya ci karo da shi kawai yake nuna maka, ba ya ba ka shaidar cewa babu saura. Gmail ma tun 2004 har 2009 yana ɗauke da tambarin beta, wato alamar cewa ana kan gwaji, alhali miliyoyin mutane na aiki da shi.

Ni abin da ke ci min rai shi ne a saki abu don kawai an riga an yi wa kwastoma alkawarin rana. Na taɓa yi. Manhajar rubuta bashi na haɗa wa wani mai shagon kayan masarufi, a wayata lafiya lau take, ashe in netwok ya yi rauni yaron shago ya danna sau biyu sai ta rubuta bashin sau biyu. Wata baiwar Allah ta karɓi shinkafa kwano uku aka rubuta mata shida, tana rantsuwa shi kuma yana nuna mata waya a gaban mutane. Har yau in na tuna kunya ke kama ni, don laifina ne ba nata ba.

Tun daga nan kafin in saki nakan duba kuskuren da ya rage, zai taɓa kuɗin mutum ko bayanansa? In rubutu ne ya ɗan karkace a saki a gyara gobe, in ko kuɗi ne gara a makara. Sannan in abu ya ɓaci, minti nawa zai ɗauke ni in janye shi?

Ku tuna CrowdStrike, kamfanin da ke yin manhajar tsaron kwamfuta, ranar Juma'a 19 ga Yuli 2024 suka tura afdet ɗaya ga kowa lokaci guda, kwamfutoci masu Windows kusan miliyan 8.5 suka tsaya cak, jirage suka kasa tashi, wasu asibitoci suka koma biro da takarda. Da kaɗan suka fara tura wa da ɓarnar ba ta kai haka ba, kuma ko Play Store yana ba ka damar fara sakin afdet ga kashi 5 cikin ɗari ka ga yadda za ta kaya.

Shi ƙanen nawa dai na ce ya kai tasa kasuwa, ya ba mutum goma masu ƙananan wayoyi, ya zauna ya kalli yadda suke dannawa, ran Litinin sai mu yi magana.