Kamfanin da Ba a Haifa Ba, Bashinsa a Wuyan Wa Yake?

Assalamu alaikum ƙannena da 'ya'yana mazauna Makka da Jidda da Madina, musamman ku da kuke son a haɗa kuɗi a kafa kamfani.

Makon jiya bayan sallar isha'i, a bakin wani masallaci a Shara Mansur, ɗan wani aminina ya tare ni yana fara'a. Ya ce, "Kawu, a sa mana albarka, mun buɗe kamfanin kargo, Jidda zuwa Kano." Ya miƙo mini waya. Rukunin WhatsApp ne mai mutum 34, da tambari mai hoton jirgi, kowa ya zuba riyal 3,000. Na ce masha Allah, ina sijil ɗinku, wato takardar rajistar kasuwanci? Ya ce ana kan nema. Na ce kuɗin jama'a fa? Ya ce suna asusunsa na banki. Na ce sito fa? Ya ce ya riga ya kama hayar shekara guda, ya sa hannu da sunan kamfanin. Gabana ya faɗi. Yaron nan na san shi tun yana rarrafe, ba maci amana ba ne. Kaya ya ɗauka bai san nauyinsa ba, kuma irinsa suna da yawa a cikinku.

Kamfani a idon doka mutum ne. Yana saye da sayarwa, yana cin bashi, yana kai ƙara ana kai shi. Ranar haihuwarsa ita ce ranar da aka shigar da shi sijil tijari a Ma'aikatar Kasuwanci. Kafin wannan rana ciki ne, kuma tambari da hatimi da rukunin WhatsApp ba sa mayar da ciki ɗa. Mai ɗawainiya da wannan ciki, wanda ya kira mutane, ya nemo wuri, ya yi ciniki, ya bi takardu, shi ne wanda Larabawa ke ce wa mu'assis. Dokar kamfanoni ta ƙasar nan, sabuwar da aka fitar a 2022 ta fara aiki ranar 19 ga Janairu 2023, ta ce shi ne duk wanda ya shiga aikin kafa kamfanin da kansa kuma ya sa jari, na kuɗi ko na kadara. A Najeriya, inda yawancinku za ku buɗe reshe ku yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, dokar kamfanoni ta 2020 ta fi faɗaɗa tabarmar: ko wanda ya ɗauki nauyin nemo wa kamfanin jari ya shiga lissafi. Lauya ko akanta da aka ɗauko ya yi aikinsa a biya shi ba ya ciki. Kai da ka tsaya a gaban mutane ka ce "ku kawo, ni zan haɗa", kana ciki tsundum.

Matsayin mai kafa kamfani yana da ban mamaki. Ba za a kira shi wakilin kamfani ba, tunda wanda zai wakilta bai zo duniya ba tukuna. Amma duk abin da kamfanin zai tashi ya tarar, shi ya shimfiɗa: farashin da aka sayi kaya, mutanen da aka naɗa su shugabanta, sharuɗɗan da aka rubuta. Shi ya sa doka ta ɗora masa amana tun daga riyal ɗin farko da ya karɓa.

To bashin cikin da ba a haifa ba, wa zai biya? Tambaya ce tsohuwa. A Ingila a 1866 an yi shari'ar Kelner da Baxter. Wasu mutane za su kafa kamfanin otal, suka karɓi giya ta fam 900 bashi, suka sa hannu a madadin kamfanin da ba a yi wa rajista ba tukuna. Daga baya aka kafa kamfanin, aka sha kayan, kamfanin ya karye ba a biya ba. Kotu ta ce waɗanda suka sa hannu su biya daga aljihunsu. Dokar Saudiyya ta yi sauƙi ta fuska ɗaya: idan an kammala rajista, yarjejeniyoyin da masu kafawa suka ƙulla domin kamfanin suna komawa kansa, kuɗin da aka kashe wajen kafa shi ma shi zai ɗauka. Idan kuwa ba a kammala ba, duk wanda ya yi mu'amala da sunan kamfanin shi ne a hannu, da dukiyarsa gaba ɗaya, kuma mai bin bashi yana iya kama mutum ɗaya cikinsu ya nemi kuɗinsa duka. Wannan na karanta wa yaron nan a bakin masallaci. Na ce hayar siton nan, in sijil bai fito ba, taka ce kai kaɗai, mai gida ba ruwansa da mutum 34.

A kamfanin hannun jari ma doka ba ta yarda kuɗin mutane su kwana a aljihun kowa ba. Ana ajiye su a banki da sunan kamfanin da ake kan kafawa, ba mai taɓa su sai hukumar gudanarwa bayan an yi rajista. Wannan nau'in kamfani jarinsa ba ya gaza riyal 500,000, kuma dole a biya aƙalla rubu'insa tun farko. Ƙananan 'yan kasuwa irinmu an kawo mana wani nau'i mai sauƙi, musahama mubassaɗa, wanda ba a ƙayyade masa mafi ƙarancin jari ba. Hanyar halas a buɗe take.

Yanzu in zo inda ya fi ci mini rai, domin a jikina na ji.

Shekaru da dama da suka wuce, mu bakwai muka haɗa kuɗi a Jidda domin harkar dabino da jigilar kaya. Wanda ya tara mu sahu ɗaya muke sallah da shi, ranar sunan ɗana shi ya raba goro. Ya ce ya samo mana motar ɗaukar kaya a wurin wani mutum, riyal 90,000, kuma sai da ya sha fama kafin a rage. Muka yi masa godiya, har muka ce Allah ya saka da alheri. Bayan kamar wata takwas direbanmu yana neman istimara, wato takardar rajistar mota, a aljihun motar, sai ga wata takarda a naɗe, ta yi laushi saboda zafi, da hatimin ma'arad, wato wurin sayar da motoci, a ƙasanta. Riyal 55,000. Sunan mai saye kuwa surukin mutuminmu ne, kwanan wata mako uku kafin a sayar mana. Na daɗe zaune a kan matakalar sito da takardar a hannuna, ina karantawa ina maimaitawa, ina fatan idona ne. Da muka tuhume shi bai musa ba. Cewa ya yi, "Ai kasuwa ce, na saya na sayar. Kuma wahalar da na sha fa?"

Ku saurari wannan amsa da kyau, domin ita shaiɗan zai raɗa wa kowannenku ranar da ya ga ƙofa. Da mu baƙi ne a kasuwa, da ya yi gaskiya, ya saya ya sayar. Amma shi ne idonmu, shi muka aika. Shi ne mai sayarwa, shi ne kuma mai saya da kuɗinmu. Wa ya rage zai yi mana tayi?

Irin wannan ta faru tun kafin a haifi kakanninmu. Wani ɗan banki mai suna Erlanger da abokansa suka sayi hayar tsibirin Sombrero a yankin Karibiyan, inda ake haƙo ma'adinin taki, a kan fam 55,000. Suka kafa kamfani, suka zuba mutanensu a hukumar gudanarwa, suka sayar wa kamfanin hayar a kan fam 110,000, sannan aka kira jama'a su sayi hannun jari. A 1878 kotun ƙoli ta Ingila ta wancan lokaci ta yarda a warware cinikin. Ƙa'idar da ta fito daga nan har yau ana aiki da ita, dokar Najeriya ma ta ɗauke ta: mai kafa kamfani yana iya sayar wa kamfanin kayansa ya ci riba, da sharaɗin ya bayyana komai ga shugabannin da ba 'yan amshin shatansa ba, ko ga masu hannun jari gaba ɗaya, su amince da idonsu a buɗe. In ya ɓoye, ana iya warware cinikin ko a karɓe ribar.

Mu Musulmi ma ba sai mun je Ingila ba. Kun san hadisin Ibnul Lutbiyya a Bukhari da Muslim, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuwa kyauta aka ba ni. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hau mumbari ya tambaya me ya hana shi zama a gidan ubansa da uwarsa ya ga ko za a kawo masa kyautar. La'adar da mai sito ya ba ka a ɓoye, ragin da dillalin mota ya yi maka ka sa a aljihu, da ba da kuɗin jama'a ka je ba wa zai ba ka? Wahalarka gaskiya ce, kuma ta cancanci lada. Faɗi adadinta a gaban kowa, a rubuta, ka karɓa da rana tsaka.

Idan jarinka kadara ce, mota ko shago ko injin, kada ka zama kai ne mai yi mata kuɗi. Akwai masu ƙima da hukuma ta amince da su, kuma a kamfanin hannun jari mai kadara ba ya jefa ƙuri'a a kan ƙimar kayansa. Kumbura farashin kadara da gangan laifi ne mai hukunci. Haka yaɗa sunayen manyan mutane a ce suna cikin kamfani alhali ba sa ciki, don a jawo masu zuba kuɗi. Haka nuna wa jama'a cewa an yi rajista alhali ba a yi ba. Sannan doka ta ce suna ko alfarma ba sa zama jari, saboda haka "ni na san mutane" ba ta sayen kaso. Wanda kuma ya ce maka riba tabbas, asara babu ruwanka, ya yi maka alkawarin da shari'a ba ta sani ba. Sharaɗin da ya hana abokin tarayya riba, ko ya kuɓutar da mai jari daga asara, dokar ƙasar nan tana ɗaukarsa kamar ba a rubuta ba.

Za ku ce me ya sa ba mu kai mutuminmu kotu ba? Domin mu ma hannunmu ba a wanke yake ba. Sijil ɗin da sunan wani ɗan ƙasa yake, muna ba shi wani abu duk wata, mu baƙi da muke da iƙama, wato takardar izinin zama, muna juya harkar a bayan fage. Wannan shi ne tasattur. A takarda motar ma ba tamu ba ce. Da wane baki za mu tsaya gaban alƙali? Muka haɗiye, aka watse, zumuncin shekara da shekaru ya mutu, har yau in mun haɗu sallama ce kawai. A wancan lokacin mun tsira da asarar kuɗi. Yau kuwa dokar tasattur ta 2020 ta kai hukuncin ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5, a rufe harkar, wanda ba ɗan ƙasa ba a fitar da shi. Ɗana, ka dubi mahaifiyarka da ƙannenka da aka haifa a nan, waɗanda ba su san hanyar ko'ina ba sai Harami, ka auna. Baƙon da yake son ya mallaki kamfani, ƙofarsa Ma'aikatar Zuba Jari ce. Tara kuɗi daga jama'a da sunan sayar da hannun jari kuma yana da nasa ƙa'idojin a Hukumar Kasuwar Hannun Jari. Ku je wurin lauya mai lasisi kafin ku karɓi ko sisi, kuɗinsa bai kai rabin kukan da za a yi daga baya ba.

Ku kuma masu zubawa, tambaya ba rashin kunya ba ce. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma sahabbai aka fara faɗa wa. Ku ce a nuna muku lambar sijil, a gaya muku sunan wa ke kai, kuɗin suna wane asusu, kayan da aka saya na wa ne a da kuma nawa aka saya, shi mai haɗawar nawa zai ɗauka. Mai gaskiya zai ji daɗin tambayar, domin ta sauke masa zargi.

A daren nan ban bar yaron ya tafi ba sai da muka zauna a kan dakali ya rubuta saƙo a rukunin, ina kallo. Ya gaya musu sijil bai fito ba, kuɗinsu riyal 102,000 ne ya karɓa, ga abin da ya biya na haya, ga abin da ya rage, mai sito kuma ya yi masa ragin riyal 1,500 wanda bai faɗa ba, ya mayar cikin asusu. Hannunsa yana rawa lokacin da ya rubuta wannan layin. Kafin asuba mutum tara suka ce a ba su kuɗinsu, ya ba su cif, giɓin hayar ya cike daga nasa. Sauran suka ce za su jira abin da lauya zai faɗa. Ranar Lahadi za mu je tare, ni da shi da mahaifinsa.